Yaya zan fahimtar da yarana bairos ɗin kwamfuta, in kuma tsare su daga shi?

"Assalamu alaikum Malam. Yarana biyu ne, namiji mai shekara 12 da ƙanwarsa mai shekara 9. Kwamfuta ɗaya ce a gidan, ta tafi-da-gidanka, da ita kowa yake aiki, kuma sukan ɗauki wayata su yi wasa. Kwanakin baya kwamfutar ta fara nauyi, tallace-tallace suna ta fitowa ba gaira ba dalili. Mai gyara ya ce bairos ne, ya goge komai, hotunanmu na shekaru suka tafi. Sai daga baya babban ya faɗa mini cewa ya sauke wani wasa na kyauta tun makonni uku kafin nan, tsoron faɗa ne ya sa ya yi shiru. Yaya zan yi musu bayanin bairos yadda za su gane? Kuma me zan yi don kada a maimaita, ba tare da na hana su taɓa na'ura gaba ɗaya ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka. Abu biyu kika tambaya: yadda za ki fahimtar da su, da yadda za ki tsare na'urorin gidan. Duka zan taɓa su. Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin naki shi ne makonni ukun nan da yaron ya yi yana ɓoye maganar. Sauke wasa daga shafin da bai dace ba kuskure ne da manya ma suke yi kullum. Shirun ne ya ba ɓarnar damar yin nisa. Don haka duk bayanin da za ki yi musu, ki auna shi da wannan: zai sa yaro ya rugo wurinki da zarar ya ga abin da bai gane ba, ko zai sa ya rufe kwamfutar ya yi kamar bai gani ba?

## Mene ne shi, yadda yaro zai gane

Ki fara musu daga nan: kwamfuta ba ta da wayo ko kaɗan, biyayya ce da ita. Duk abin da take yi, wani mutum ne ya rubuta mata umarninsa layi bayan layi, kuma wannan jerin umarnin shi ake kira manhaja. Wasan da suke yi manhaja ce, abin da suke kallon bidiyo da shi ma manhaja ce. Bairos shi ma manhaja ce, bambancin kawai wanda ya rubuta shi da mugun nufi ya rubuta. Kwamfuta kuwa ba ta iya tantance umarnin kirki daga na banza. Muddin an ba ta, za ta aikata.

Akwai ɗan wasa da yake saurin shigar da wannan a kan yara. Ki rubuta a guntun takarda: "Duk wanda ya karanta wannan, ya kwafe shi sau uku ya sa a jakar mutum uku, sannan ya yaga shafi ɗaya daga littafinsa." Ki miƙa wa ƙaramar ta karanta, ki tambaye ta ko za ta yi. Za ta yi dariya ta ce a'a. Sai ki ce mata, to, da ke kwamfuta ce da tuni kin kwafe, kin raba, kin yaga shafin, ba tare da kin tambayi dalili ba. Takardar nan ta ƙunshi sassa biyun da yawancin bairos suke da su: ɓangaren da yake yaɗa kansa, da ɓangaren da yake yin ɓarna. Ga babban kuma, ki ba shi lissafi: mutum ɗaya ya ba uku, ukun suka ba tara, taran suka ba 27. A zagaye na goma sabbin takardun sun kai 59,049. Yaro mai shekara 12 yana son irin wannan, kuma nan take zai ga yadda abu ɗaya yake game duniya cikin yini guda.

An ari sunan ne daga ƙwayar cutar da ke kama jikin mutum, domin ita ma ba ta iya hayayyafa ita kaɗai sai ta laƙe a jikin wani. Wani ɗalibin jami'a a Amurka mai suna Fred Cohen ne ya gwada irin wannan manhaja a 1983, ya kuma wallafa bincikensa a 1984, daga nan sunan ya zauna. Amma ki yi hattara da wannan kwatancen wajen mai shekara 9. Yara da yawa sukan ɗauka cutar za ta iya kama su idan sun taɓa allon, ko kuma ƙura da zafi ne suke kawo ta. Ki faɗa mata a sarari: ba ya kama mutum, ba ya tashi a iska, kuma ba ya warkewa da kansa kamar mura. Mura ba ta da wata buƙata a wurinka. Bairos kuwa akwai mutum a bayansa da yake neman wani abu: kuɗi, kalmar sirri, asusun wasa, ko ƙarfin kwamfutar don ya yi aikinsa da ita.

A gaskiya ainihin bairos, mai laƙewa a jikin fayil, ya yi ƙaranci a yau. Sunan ne ya rage muke kiran duk muguwar manhaja da shi. Akwai wadda ake kira tsutsa, mai ratsawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta intanet ba tare da kowa ya danna komai ba. Akwai mai leƙen asiri, wadda take tattara abin da aka buga a madannai da kalmomin sirrin da aka adana a burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Akwai mai garkuwa, wadda take kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa. Akwai mai cika allo da talla. Wadda ta fi shafar yara kuwa ita ce kura da fatar akuya: manhajar da take zuwa a siffar wasa ko wani abu mai amfani, mutum ya girka ta da hannunsa yana murna. Masana suna kiranta da sunan dokin katakon da ke cikin tatsuniyar Girkawa, wanda aka ɓoye mayaƙa a cikinsa aka kai shi ƙofar birni a matsayin kyauta. Bisa alamun da kika faɗa, na fi zaton irin wannan ce ta shigo muku tare da mai talla a goye, ko da yake ba a yanke hukunci a kan na'urar da ba a duba ba.

## Labaran da za ki ba babban

Yaro ɗan shekara 12 ya fi riƙe labari fiye da doka. A 1982 wani yaro ɗan shekara 15 a Amurka, Rich Skrenta, ya rubuta Elk Cloner don tsokanar abokansa. Yana bin faifan da suke musayar wasanni da shi a kwamfutocin Apple II, kuma duk kunnawa ta hamsin sai ya fito da 'yar waƙa a allo. Tun farkon lamarin ke nan, musayar wasa tsakanin abokai ce hanyarsa. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta Brain, har suka sa sunansu da adireshinsu da lambar wayarsu a ciki. A ranar 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki tsutsar da ta durƙusar da kwamfutoci kimanin 6,000, wajen kashi ɗaya cikin goma na waɗanda suke kan intanet a lokacin. Ya ce gwaji yake yi, amma kotu ta same shi da laifi, aka ci shi tarar sama da dala 10,000, aka sa shi aikin al'umma na sa'o'i 400. Wannan labarin yana da amfani idan yaronki mai son bincike ne, domin akwai shekarun da yaro yake ganin kutse a matsayin bajinta.

Biyu ne suka fi koyarwa. A watan Mayu na 2000 wani saƙon imel ya fito daga Filifins da taken ILOVEYOU, ɗauke da fayil mai suna LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Windows tana ɓoye wutsiyar sunan fayil, wato .vbs ɗin da ke ƙarshe, don haka mutane suka ga kamar wasiƙa ce kawai. Duk wanda ya buɗe, sai fayil ɗin ya aika kansa ga dukkan mutanen da ke cikin littafin adireshinsa, kowa ya ga saƙon ya fito daga wanda ya sani. Miliyoyin kwamfutoci suka kamu cikin 'yan kwanaki. Na biyun shi ne WannaCry, ranar 12 ga Mayu 2017, wanda ya kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitoci a Birtaniya suka soke ganin marasa lafiya. Shi bai buƙaci kowa ya danna komai ba, ta wata ɓaraka a Windows ya shiga. Abin takaicin, Microsoft ta fitar da facin wannan ɓarakar tun 14 ga Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda suka sabunta sun tsira. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Labarin farko ya nuna aikin yaro, wato kula da abin da yake dannawa. Na biyun ya nuna naki aikin.

## Ƙofofin da yake bi zuwa ga yara

Babbar ƙofa ita ce kyauta. Wasan da ake sayarwa amma wani shafi ya ce ga shi a banza, manhajar maguɗi da za ta sa ka riƙa cin kowa a wasa, ko shafin da ya ce zai zuba maka kuɗin cikin wasa, kamar Robux na wasan Roblox ko V-Bucks na wasan Fortnite, ba ko sisi. Wannan na ƙarshen yana da bayani mai sauƙi da babban zai gane: lissafin kuɗin wasan a kwamfutocin kamfanin yake, ba a taku ba, don haka babu manhajar da za a girka a gida ta ƙara ko ɗaya. Duk wanda ya yi wannan alƙawarin, asusun yaron yake so. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ki koya masa ya riƙa tambayar kansa, wanda ya ba ni wannan, me yake samu?

Akwai alamu biyu da a aikin gyara kusan ba sa ƙarya. Idan umarnin girka wasa ya ce a kashe manhajar tsaro tukuna, wai don kada ta hana shi aiki, to ɓarawo ne yake cewa a ɗaure kare. Idan kuma fayil ya zo a dunƙule da kalmar sirri, an rubuta kalmar a fili ƙarƙashin bidiyo ko a shafin, dalilin kullewar shi ne kada manhajar tsaro ta iya leƙa cikinsa. Sai shafukan da suke da maɓallan saukewa uku ko huɗu, wanda ya fi girma da ƙyalli yawanci talla ne.

A waya, ƙofar ita ce fayil ɗin girka manhaja mai wutsiyar .apk da ake turowa ta WhatsApp ko Telegram, da kwaikwayon manhajojin da aka ce an ƙara musu abubuwan da na asali ba su da su. Sai saƙon aboki: "Kai ne a wannan bidiyon?" ko "Gwada wannan wasan da na haɗa." Sau da yawa abokin bai ma san an aika ba, asusunsa ne aka ƙwace. Maganin shi ne a tambaye shi ta wata hanya dabam, a kira shi ko a bari sai an haɗu.

Akwai kuma gargaɗin ƙarya, wanda ya fi razana ƙananan yara. Shafi ya cika allo da ja, ƙara tana tashi, an rubuta cewa an gano bairos biyar, a danna nan ko a kira wannan lambar. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin kwamfuta, hoto ne kawai aka zana don tsoratarwa. Cutar tana shiga ne idan an danna "gyara" an girka abin da suka bayar. Ki nuna musu yadda ake rufe shi: Alt da F4 tare, idan ya ƙi sai Ctrl da Shift da Esc, a zaɓi burauzar a tsayar da ita. Filash ɗin da ya zaga kwamfutoci da yawa shi ma ƙofa ce. Idan kika buɗe shi kika ga folda-folda sun koma masu 'yar kibiya a kusurwa, kada a danna, an ɓoye na ainihin an ajiye tarko a madadinsu.

Ko wurin da aka amince da shi yakan samu matsala. A watan Yuni 2023 an gano muguwar manhaja da aka yi wa laƙabi da Fractureiser a cikin wasu ƙarin kayan wasan Minecraft a shafin CurseForge, bayan an ƙwace asusun wasu masu ɗora su. Yaran da suka sauke ba su karya wata doka ba. Shi ya sa ba a dogara da hankalin yaro shi kaɗai.

## Abin da za su riƙe

Kada dokokin su yi yawa. Ga mai shekara 9, ɗaya ta isa: duk abin da ya fito a allo yana neman ki danna, ki saka kalmar sirri, ko ki ba da izini, ki ɗauke hannu ki kira Mama. Ga babban, tambayoyi uku kafin ya danna ko ya girka: daga ina wannan ya fito, ni na nema ko shi ya zo ya same ni, kuma me ya sa yake gaggauta ni? Gaggawa ita ce makamin masu damfara, agogo yana ƙirga daƙiƙu, "saura mutum biyu", "za a rufe asusunka yau". Ba a girka komai sai daga Play Store, Microsoft Store ko shafin kamfanin da ya yi wasan, kuma sai an faɗa miki. Kalmar sirri ba a ba aboki, ko aminin ƙut da ƙut.

Sai alƙawarin da nake ganin ya fi duk waɗannan nauyi: wanda ya yi kuskure ya faɗa a ranar, ba faɗa, ba ƙwace na'ura. Ki faɗe shi, ki kuma cika shi karon farko da aka gwada ki, domin daga wannan karon za su yanke hukunci. Akwai dalili na fasaha a bayan wannan. Manhajar satar kalmomin sirri tana kwashe abin da ke burauza cikin daƙiƙu, amma amfani da su yakan ɗauki lokaci, domin galibi sayar da su ake yi ga wasu. Idan an canza kalmomin a ranar, abin da aka sata ya zama shara. Bayan mako uku kuwa, ana iya riga an shiga imel, an canza lambar dawo da asusu, manhajar farko ta jawo wasu 'yan'uwanta. Yaronki ya zo ya faɗa daga baya, ba wanda ya tilasta shi. Ki yaba masa wannan a gaban ƙanwarsa.

In kina so su ga manhajar tsaro tana aiki da idonsu, akwai fayil ɗin gwaji na wata cibiyar Turai mai suna EICAR. Haruffa 68 ne kawai, ba ya cutar da komai, amma kamfanonin tsaro sun amince su riƙa kama shi kamar bairos na gaske. Ku sauke shi tare daga shafin cibiyar, su ga yadda gargaɗin gaskiya yake fitowa: ƙaramin saƙo a kusurwar allo, ba ihu, ba lambar waya. Daga ranar za su iya bambanta shi da na ƙarya.

## Aikin da ke kanki

Mataki mafi tasiri, wanda kuma gidaje da yawa ba sa yi, shi ne raba asusu a kwamfutar. Ki shiga Settings, sashen Accounts, ki buɗe wa kowane yaro nasa asusun a matsayin Standard, naki kaɗai ya zama Administrator da kalmar sirrin da ba su sani ba. Daga nan yawancin abin da zai girku ko ya taɓa tsarin kwamfutar sai ya nemi kalmarki. Wannan ba ya tare komai da komai, akwai manhajojin da suke gudana cikin asusun yaro ba tare da izini ba, amma ɓarnar takan tsaya a asusunsa, ba ta kai ga fayilolinki. Kada ki riƙa saka kalmar kina kallon wani wuri. Ki karanta sunan abin da yake neman izinin.

Ki bar sabuntawa tana tafiya da kanta, ta Windows da ta burauza da ta waya, kuma ki riƙa kashe kwamfutar ki kunna, domin faci da yawa ba ya zama sai an sake kunnawa. Ki duba wace Windows ce a kai: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka idan na'urar za ta ɗauki Windows 11, a ɗaga ta. Game da manhajar tsaro, Microsoft Defender da ke zuwa tare da Windows ta wadatar da gida, muddin tana kunne tana sabuntuwa. Kada a haɗa biyu a lokaci guda, sai su riƙa karo da juna kwamfutar ta yi nauyi. Kada kuma a girka kwafin sata na wata manhajar tsaro, wannan ɗaukar ɓarawo gadi ne. Ki kuma buɗe File Explorer, ƙarƙashin View, ki kunna File name extensions don wutsiyar kowane fayil ta bayyana. Ki nuna wa babban cewa hoto yana ƙarewa da .jpg ko .png, bidiyo da .mp4, amma .exe da .scr da .bat da .vbs manhajoji ne masu gudana. Abin da aka ce hoto ne ya ƙare da .exe, ƙarya ce.

Wayarki ta fi kwamfutar haɗari, domin a cikinta ne manhajar banki take, kuma nan lambobin tabbatarwa suke shigowa. Idan Android ce, ki buɗe Play Store ki tabbatar Play Protect, mai bincika manhajojin wayar, yana kunne, sannan a Settings ki nemo Install unknown apps ki kashe izinin ga burauza da WhatsApp da sauransu. Ki kula da izinin Accessibility musamman: an yi shi don taimaka wa masu buƙata ta musamman, amma manhajar da ta samu shi tana iya karanta allo ta danna maɓallai a madadinki. Wasa ko tocila ba su da abin yi da shi, haka ma izinin karanta saƙonni. Idan za ki miƙa wa yaro wayar, akwai App pinning da ke kafe ta a kan manhaja ɗaya, ba a fita sai da lambarki. Idan suka samu tasu na'urar, Google Family Link da Microsoft Family Safety suna taimaka miki wajen kula da abin da suke girkawa. A iPhone irin wannan cutar ta fi wuyar shiga, amma shafin ƙarya mai satar kalmar sirri ba ruwansa da irin waya.

Kalmar sirri ta zama doguwa, kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna, kuma ta imel ta bambanta da ta ko'ina, domin da imel ake dawo da sauran asusun. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lamba ta musamman bayan kalmar sirri, a imel da asusun wasanninsu.

Abin da ya ci hotunanki kuwa rashin ajiya ne. Ƙa'idar da ake bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen gida: na kwamfuta, na faifan waje, da na ma'ajiyar intanet kamar Google Drive ko OneDrive. Faifan wajen a cire shi bayan an kwafa. Idan yana jone kullum, manhajar garkuwa za ta kulle shi tare da kwamfutar. Sau ɗaya a wata ya ishi yawancin gidaje, kuma aiki ne da za ki iya damƙa wa babban.

## Idan ya riga ya shiga

Nauyi kaɗai ba shaida ba ne, faifan da ya cika ko na'urar da ta tsufa ma suna yin haka. Alamun da suka fi ƙarfi su ne shafin farko na burauza ya canza da kansa, manhajojin da ba wanda ya san da su, manhajar tsaro ta kashe kanta, ko abokai suna samun saƙon da ba ku aika ba. Talla da ke fitowa a kusurwa kuma sau da yawa ba bairos ba ne ma, wani shafi ne aka danna wa Allow ya samu izinin turo sanarwa. Ana cire shi a saitin burauza cikin minti biyu.

Idan alamun sun tabbata, a fara yanke intanet, a cire filash da faifan waje, kada a sake saka wata kalmar sirri a na'urar. Daga wata na'ura mai tsabta a canza kalmomin sirri, imel da farko, sai banki, sai sauran, a kuma zaɓi fitar da duk na'urorin da suke cikin asusun. Sannan a buɗe Windows Security a yi Full scan, a bi shi da Microsoft Defender Offline scan, wanda yake sake kunna kwamfutar ya bincika kafin Windows ta tashi, wajen minti 15. A jera manhajojin da aka girka bisa kwanan wata, a cire duk abin da ya shigo ranar da matsalar ta fara, a duba ƙarin kayan da aka liƙa wa burauza. A waya, a tashe ta a Safe mode, inda manhajojin da aka girka ba sa gudana, a cire wadda ake zargi. Idan maɓallin cirewa ya ƙi dannuwa, an ba ta ikon Device admin ne, wato ikon kula da wayar, sai an janye shi tukuna. Idan fayiloli aka kulle ana neman fansa, biya ba ya tabbatar da dawowarsu. A ɗauki hoton saƙon a duba shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, yana da mabuɗan wasu nau'o'in kyauta, ko da yake ba duka ba.

Goge komai a sake girka Windows ita ce hanya mafi tabbas, don haka mai gyaran bai yi kuskure a nan ba. Abin da ya kamata a yi kafin gogewar shi ne kwashe hotuna da takardu zuwa wani faifai, a bar manhajoji, sannan a bincika kwafin kafin a mayar. Nan gaba ki sa wannan sharaɗi tun kafin ki miƙa na'urar.

Hotunan da suka tafi, kada ki fid da rai tukuna. Ki duba Google Photos, tsofaffin wayoyi, katin memori, da 'yan'uwan da kika taɓa tura wa. A kwamfutar kuma ya danganta da irin faifan. Idan tsohon faifai ne mai juyawa kuma gogewar gaggawa aka yi, wani ɓangare na hotunan yana iya kasancewa a wuraren da ba a rubuta sabon abu a kai ba, manhajoji irin su PhotoRec ko Recuva sukan tono su. Idan SSD ne, wato sabon nau'in faifai marar juyawa, damar ƙarama ce ƙwarai, domin shi yana share gurbin da aka goge da kansa. Ko wanne ne, kowace rana da aka yi aiki da kwamfutar tana rage abin da za a samu. Ki dakatar da amfani da ita har a gwada, a gudanar da manhajar tonon daga filash, abin da aka samo kuma a ajiye shi a wani faifai dabam, ba a kan wanda ake tonowa ba.